Hidimar INEC a zaɓen gwamnan Kano na 2023: inda ta yi ƙwari da inda ta yi yoyo

Hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, mai hidima ce, kuma masu hulɗa da ita uku ne: jam'iyya, ɗan takara da mai jefa ƙuri'a. Abin da suke nema a wurinta bai wuce huɗu ba. Ta karɓi sunan wanda jam'iyya ta tsayar, ta tantance mai zaɓe a rumfa, ta ƙirga ta bayyana, sannan ta ba wanda bai gamsu ba takardun da zai kai kotu. Zaɓen gwamnan Kano na 18 ga Maris 2023 ya gwada dukkan waɗannan matakai har ƙarshensu, domin bai tsaya ba sai a Kotun Ƙoli ranar 12 ga Janairu 2024. Shi ya sa ya dace a auna hidimar da shi.

Hukuncina tun daga farko shi ne: inda na'ura ta yi aiki, hidimar ta fi ta 2019 nesa ba kusa ba. Inda aka dogara da takarda, biro da tawada, a nan ruwa ya shiga. Abubuwa biyu ne suka kusa juya zaɓen da Abba Kabir Yusuf na NNPP ya ci da ratar ƙuri'u 128,897, kuma babu na'ura a cikinsu: rajistar 'yan jam'iyya, da hatimin bayan takardar ƙuri'a.

Girman aikin ma abin lura ne. Kano tana da ƙananan hukumomi 44, mazaɓu 484, rumfuna 11,222, da masu rajista 5,921,370. Kuskuren da bai kai a ɗaga kai a duba ba a rumfa ɗaya, in ya maimaitu a rumfuna dubu goma sha ɗaya, ya zama kujerar gwamna.

Karɓar sunan ɗan takara

A Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi wannan zaɓe da ita, jam'iyya ce ke fitar da gwaninta, INEC kuwa ta sa ido ta karɓa. Matakan a jere suke. Jam'iyya ta ba hukumar sanarwar kwana 21 kafin zaɓen fidda gwani, in ba ta yi ba zaɓen ya ɓaci, kamar yadda sashe na 82 ya ce. Ta miƙa rajistar 'ya'yanta, a takarda da ta kwamfuta, kwana 30 kafin ranar, wannan sashe na 77 ne. Sannan ta zaɓi ɗaya cikin hanyoyi uku na sashe na 84: ƙato bayan ƙato, ko daliget, ko masalaha. Masalahar ma ba ta baki ba ce, sai duk wanda aka tantance ya rubuta cewa ya janye ya amince da wane. Mutum ɗaya ya ƙi sa hannu, dole a koma zaɓe.

An ba jam'iyyu daga 4 ga Afrilu zuwa 3 ga Yuni 2022, daga baya aka ƙara musu zuwa 9 ga Yuni. Shafin intanet na tura sunayen 'yan takarar gwamna da majalisar jiha ya buɗe daga 1 zuwa 15 ga Yuli, jerin ƙarshe ya fito 4 ga Oktoba, aka buɗe kamfe 12 ga wata. Ta fuskar kiyaye lokaci, hukumar ta cancanci yabo. A wannan mataki, ranakun da ta sa ta tsaya a kansu, ban da wancan ƙarin kwana shida.

Shafin kansa gyara ne na gaske. A da, sai a ga 'yan jam'iyya sun yi dafifi a hedikwatar hukumar a Abuja da jakunkunan takardu a ranar ƙarshe, ɓangarori biyu kowa da nasa jerin. Yanzu lambar shiga shafin uwar jam'iyya kaɗai ake ba, a ɗora fom EC9, wato takardar rantsuwa mai ɗauke da shekaru da shaidar karatu, a haɗa da takardun ɗan takara da na mataimakinsa, lokaci na cika shafi ya rufe kansa. Ba roƙo, ba alfarma.

Amma wannan ƙarfi nasa shi ne kuma rauninsa. Shafin ya san wanda ke riƙe da lamba, bai san wanda ya ci zaɓen fidda gwani ba. Rikicin PDP a Kano ya nuna haka ƙarara. An yi zaɓen fidda gwani biyu: ɗaya ya fitar da Muhammad Abacha ƙarƙashin shugabancin jam'iyya na jiha, ɗaya ya fitar da Sadiq Aminu Wali ƙarƙashin kwamitin da uwar jam'iyya ta turo. Sunan Wali aka ɗora. Babbar Kotun Tarayya a Kano ta ba Abacha gaskiya, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar wa Wali, Kotun Ƙoli ta tabbatar masa, duk ana dab da zaɓe. Jam'iyyar da ta shafe watannin kamfe ba a san wanda za a liƙa wa fasta ba, ba sai an faɗi yadda ta ƙare ba. Darasin aiki ga mai neman takara shi ne, kafin ya kashe ko kwabo a kan daliget, ya tabbatar kwamitin da zai gudanar da zaɓen daga uwar jam'iyya ya fito, da wasiƙa, kuma wurin da za a yi shi ne wanda aka rubuta wa hukumar. Kotuna sun sha nanata cewa shugabannin jiha ba su da hurumin shirya zaɓen fitar da ɗan takarar gwamna. Kuma in an cuce shi, kwana 14 kacal tsarin mulki ya ba shi daga ranar da abin ya faru ya shigar da ƙara. Kwana na sha biyar, ko da gaskiya ta fi rana haske, ta tashi a banza.

A APC abin ya zo da sauƙi ta fuskar takarda. Fom ɗin gwamna naira miliyan 50 ne, goma na nuna sha'awa, arba'in na tsayawa, yayin da PDP ta sayar da nata miliyan 21. An yi da daliget, Nasiru Yusuf Gawuna ya yi nasara da gagarumin rinjaye, Murtala Sule Garo ya zama mataimaki, Sha'aban Ibrahim Sharada kuwa ya fice ya tsaya a ADP. Wannan kuɗin fom ba hukumar zaɓe ke karɓa ba, na jam'iyya ne, kuma dokar 2022 ba ta sa masa iyaka ba, ko da yake ta ƙayyade kashe kuɗin kamfen gwamna a naira biliyan 1. Giɓi ne da ke rufe ƙofa ga masu cancanta da yawa tun kafin a zo gaban INEC.

Sai maganar rajista, wadda a ganina ita ce mafi rauni a wannan ɓangare. Kwankwasiyya ta bar PDP ta shiga NNPP a 2022, ana cikin kakar fidda gwani, Abba Kabir Yusuf ya zama ɗan takara, Aminu Abdussalam Gwarzo mataimaki. Bayan zaɓe, APC ta ce sunan Abba ba ya cikin rajistar da NNPP ta miƙa wa hukumar, don haka bai cika sharaɗin sashe na 177 na tsarin mulki ba, wanda ya ce ɗan takara ya zama ɗan jam'iyya kuma ita ta tsayar da shi. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta karɓi wannan hujja a hukuncinta na 17 ga Nuwamba 2023. Kotun Ƙoli ta rushe, ta ce wane ne ɗan jam'iyya da wa ta tsayar al'amarin cikin gida ne, ba na wata jam'iyya ba ne ta tsoma baki. A ranar ma ta mayar da gwamnan Filato, Caleb Mutfwang, wanda shi ma ta ƙofar tsayar da ɗan takara aka kayar da shi.

Tambayar da ta rage a wuyan hukumar ita ce: rajistar nan tana hannunta tun 2022, sunan ɗan takara ma yana hannunta tun Yuli. Haɗa biyun a duba aikin minti kaɗan ne a kwamfuta. Da shafin yana yin wannan dubawa a lokacin ɗora suna, ya ba jam'iyya rasit mai kwanan wata cewa an karɓi rajista mai mutum kaza, kuma sunan wane na ciki ko babu, da an kashe maganar tun kafin a buga takardar ƙuri'a. Karɓar takarda a ajiye a kabad ba hidima ba ce. Zamfara ta riga ta nuna tsadar irin wannan a 2019, lokacin da Kotun Ƙoli ta zubar da dukkan ƙuri'un APC saboda rashin sahihin zaɓen fidda gwani.

Ranar zaɓe: BVAS

An shirya zaɓen ranar 11 ga Maris, aka ɗage mako guda domin a kwashe bayanan zaɓen shugaban ƙasa daga na'urorin BVAS, masu tantance mai zaɓe da yatsa ko fuska, a sake saita su. Wannan aibi ne na tsari: na'ura ɗaya, zaɓe biyu, tazarar mako biyu, ga kuma masu ƙara suna neman a bar musu bayanan cikinta su duba.

A rumfa kuwa, BVAS ita ce mafi kyawun abin da hukumar ta kawo. Ma'aikata huɗu ne. Ɗaya yana duba layi ya tabbatar mutum rumfarsa ce. Na biyu yana riƙe da na'ura, ya karanta katin, ya gwada yatsa, in yatsa ya ƙi ya gwada fuska. Na uku ya yi alama a rajista ya shafa tawada a farce. Sai shugaban rumfa, galibi ɗan bautar ƙasa, ya ba da takardar ƙuri'a. Amfanin fuska ya fi bayyana ga tsofaffi, manoma, masu aikin ƙarfi da matan da suka yi lalle, waɗanda tsohuwar na'urar karanta kati ke yawan ƙin yatsunsu. A da in ta ƙi sai a cike fom a wuce, kuma ta wannan ƙofa aka riƙa shigo da aringizo. Yanzu an toshe: wanda na'ura ba ta tantance ba, ba ya zaɓe. Kuma sashe na 51 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya sauya ma'aunin aringizo. Ba da yawan masu rajista ake gwadawa ba, da yawan waɗanda aka tantance ne. Rumfa mai rajista 700, aka tantance 240, aka sami ƙuri'a 241 a akwati, an soke ta gaba ɗaya.

Tantancewa ba ta buƙatar sabis, tura hoton sakamako ne ke buƙata. Abubuwan da ke kawo cikas sanannu ne: caji ya ƙare da yamma, rana ta haske kyamara ta kasa kama fuska, gilashin yatsa ya yi maiƙo ko ƙura, ko a kai na'urar wata rumfa zuwa wata. Maganin yawancinsu mai sauƙi ne, a matsa inuwa, a goge gilashi, a kira ma'aikacin gyara na mazaɓa. In ta mutu ba a kawo wata ba, doka ta ce a dakatar a sake cikin awa 24 in sakamakon wurin zai shafi na gaba ɗaya. Abu ɗaya da ejan ba zai yi sake da shi ba: ƙarfe 8:30 kafin mutum na farko, a nuna masa allon na'ura yana kan sifili, in an rufe layi kuma ya ga adadin ƙarshe da idonsa ya rubuta, ya tabbatar shi aka sa a fom EC8A, wato takardar sakamakon rumfa.

Hatimin da ya kusa cin kujera

A nan ne ya kamata a daɗe. Ƙa'idar hukumar ta ce shugaban rumfa ya buga hatimi a bayan kowace takardar ƙuri'a, ya sa hannu, ya rubuta kwanan wata, sannan ya miƙa. Ranar 18 ga Maris takarda biyu ake ba kowa, ta gwamna da ta ɗan majalisar jiha. Rumfar da mutum 300 suka fito, hatimi 600 ke nan, sa hannu 600, kwanan wata 600, duk a hannun matashi ɗaya da ke zaune a kan bencin firamare, layi ya miƙe, rana ta take, ana yi masa ihu ya yi sauri. Tawadar hatimi takan bushe kafin azahar. Hannu yakan gaji, a fara tsallake kwanan wata, daga nan a tsallake sa hannu. Mai zaɓe kuwa gaban takarda yake kallo, yana neman kwandon kayan marmari ko tsintsiya ko lema, ba ya juya bayanta.

Sakamakon da aka bayyana ranar 20 ga Maris shi ne Abba 1,019,602, Gawuna 890,705. Ranar 20 ga Satumba, kotun sauraron ƙararrakin zaɓe, a hukuncin da ta karanta ta Zoom, ta cire ƙuri'u 165,663 daga na Abba bisa cewa ba su cika sharaɗin hatimi, sa hannu da kwanan wata ba. Ya koma 853,939, Gawuna ya hau gaba da 36,766. A raba 165,663 a kan rumfuna 11,222, abin bai kai takarda 15 a kowace rumfa ba. Ƙanƙantar abin ke nan a ido, girmansa ke nan a jimla.

Kotun Ƙoli, a hukuncin da Mai Shari'a John Inyang Okoro ya karanta, ta mayar da ƙuri'un. Ta ce sashe na 71 na Dokar Zaɓe da aka dogara da shi maganar fom ɗin sakamako yake, ba takardar ƙuri'a ba. Wanda ya shafi takardar ƙuri'a shi ne sashe na 63, kuma shi ya ba baturen zaɓe damar ƙirga takardar da ba ta da alama in ya gamsu daga littafin da hukumar ta ba rumfar ta fito. Ba a kuma tabbatar wa kotu cewa takardun ba na hukumar ba ne.

Ko wane ɓangare mutum yake, laifin tsarin a fili yake. Mai zaɓe ya yi nasa, ya yi layi, an tantance shi, ya dangwala. Ɗan takara ba shi ke riƙe da hatimi ba. Bai kamata ingancin ƙuri'a ya rataya a kan ƙarfin wuyan hannun ma'aikacin wucin gadi ba. Gyaran ba shi da tsada: hatimi mai ɗauke da kwanan wata a jikinsa, tawadar ajiya a kowace jaka, a raba aikin bugawa da na miƙawa tsakanin mutum biyu, sannan a sa layi a fom EC8A da za a rubuta adadin takardun da aka samu ba alama lokacin warewa, ejan-ejan su sa hannu. Da akwai wannan layi, da an san adadin a daren zaɓe, ba bayan wata shida ba a ɗakin ajiya, inda kowane ɓangare zai zargi ɗaya da taɓa buhuna.

Kafin a yi wannan gyara, kariyar tana hannun mutane. Mai zaɓe ya juya takardarsa kafin ya bar tebur, ya ga abu uku, in ɗaya babu ya miƙa a cike. Ejan ya tsaya inda yake ganin hannun shugaban rumfa, ba bakin layi yana gaisawa da jama'a ba. Lokacin warewa ya nemi a riƙa nuna baya kamar yadda ake nuna gaba. In aka ƙi wata takarda bai yarda ba, doka ta ba shi dama a rubuta a jikinta cewa an ƙi amma an yi jayayya.

IReV da tattara sakamako

Bayan abin da ya faru ranar 25 ga Fabrairu, lokacin da hotunan sakamakon shugaban ƙasa suka ƙi hawa kan lokaci, mutane sun shiga zaɓen gwamna da shakku. IReV, shafin intanet da hukumar ke ɗora hoton sakamakon kowace rumfa, ya fi yin aiki a wannan karo, kuma mai waya yana iya bi daga jiha zuwa ƙaramar hukuma, mazaɓa, har rumfarsu ya ga takardar. Ga jihar da ba ta manta inkonkulusib na 2019 da abin da ya faru a mazaɓar Gama ba, lokacin da Abba ke gaba da 26,655 a faɗin jiha a zagayen farko, Ganduje ya ƙare da rinjayen 8,982 bayan zagaye na biyu, wannan ba ƙaramin kwanciyar hankali ba ne.

Sai dai a san iyakarsa. Hoto yake nunawa, ba ya tara lissafi, duk mai son jimla sai ya zauna ya kwafe rumfa-rumfa. Ba ya kuma tace abin da aka ɗora: hoto mai duhu, wanda aka yanke gefensa, ko fom ɗin ɗan majalisa a gurbin na gwamna, duk yana iya hawa. Kotun Ƙoli ma ta bayyana a shari'ar shugaban ƙasa, a Oktoba 2023, cewa shafin na kallo ne, ba wurin tattara sakamako ba. Tattarawar da dokar 2022 ta sani ta takarda ce: EC8A a rumfa, EC8B a mazaɓa, EC8C a ƙaramar hukuma, EC8D a jiha, EC8E na bayyana wanda ya ci. Wurin da lamba ta fi sauyawa shi ne mazaɓa, da dare, ana kwafe rumfuna ashirin ko talatin da hannu a hasken tocila. Jam'iyyar da ta zuba ƙwararrunta a zauren jiha ta bar mazaɓu 484 ga waɗanda ba su iya lissafi ba, ta yi tsaron da ba shi da amfani. Tsohuwar maganar nan ta a kasa, a tsare, a raka har yanzu tana nan, sai dai rakiyar yanzu da kwafin EC8A mai hatimi ake yin ta.

Takardun zuwa kotu

Wannan ɓangare ba a cika maganarsa ba, alhali yana kayar da ƙararraki da yawa. Mai ƙara yana da kwana 21 daga ranar bayyana sakamako ya shigar, tare da jerin shaidu da takardunsa. Sashe na 74 na dokar 2022 kuwa ya ba kwamishinan zaɓe na jiha har kwana 14 ya ba da kwafin da aka tabbatar. In hukumar ta cinye kwanakinta, saura bakwai a karanta takardun rumfuna dubbai. Ga shi kuma ita hukumar da ake roƙo takardun tana cikin waɗanda ake ƙara. A shari'ar gwamnan Osun, Mayu 2023, Kotun Ƙoli ta nuna cewa mai da'awar aringizo sai ya kawo abin da ke cikin na'urar BVAS kanta da rajistar masu zaɓe, rahoton da aka ciro daga rumbun hukumar kaɗai bai wadatar ba. Don haka lauyan ɗan takara ya rubuta takardar neman kwafi tun kafin ranar zaɓe, ya miƙa washegarin sanarwa, ya karɓi shaidar karɓa mai kwanan wata, ya biya kuɗin tabbatarwa ya adana rasit, ya kuma nemi umarnin kotu na duba kayan zaɓe a makon farko, ya ambaci na'urorin da littattafan takardun ƙuri'a da lambobinsu, ba fom-fom kaɗai ba.